Tsohuwar Kwalbar Gidanku: Shekarunta Nawa, Kuma Nawa Za Ta Yi A Kasuwa?

A ƙarshen daminar da ta wuce wata dattijuwa daga cikin garin Salaga ta yi mana sallama a gidan rediyo, jikanta na biye da ita riƙe da wani ƙunshi a tsohon zane. Mun ɗauka sanarwar suna ko ta ɗaurin aure aka kawo, domin galibi abin da ke kawo iyayenmu mata wurinmu ke nan. Da aka kwance ƙunshin sai ga kwalba mai kusurwa huɗu, baƙa wuluk a ido, amma da muka ɗaga ta a rana sai muka ga ashe koriya ce mai duhu, launin miyar kuka.

Muka ce, Inna, lafiya dai? Ta ce lafiya lau, shawara ta zo nema. Wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ne ya shiga unguwarsu yana tambayar tsofaffin tasoshi da tsakiya da takubba, ya hango kwalbar a kan kanta, nan take ya taya sidi 50. Da ta ƙi sai ya ƙara, ya sake ƙarawa, har ya kai sidi 200, ya ce zai dawo ranar Juma'a. Wannan ƙari da yake ta yi shi ne ya sa ta tsargu. A cewarta, kwalbar ta kakan mijinta ce, wani bafataken goro da ya zo daga ƙasar Hausa, kuma tun da aka kawo ta gidan tana amarya take ganin ana zuba zuma a ciki. 'Ya'yanta sun rabu biyu: wasu na cewa a karɓi kuɗin tunda kwalba ce kawai, wasu kuma sun ji labarin cewa irin waɗannan kwalabe miliyoyi suke yi a Turai.

Kada mai karatu ya ce mun koma tallar giya. Gaskiya ne barasa aka fara zubawa a wannan kwalba a can inda aka ƙera ta, amma ta fi shekara 100 tana aikin zuma da man shanu a gidan Musulmi, kuma irinta na nan birjik a ɗakunan tsofaffi daga Salaga har Bawku, wata da man kaɗanya, wata da magani, wata da tawadar malam. Abin da ya dame mu shi ne ana rabuwa da su ba tare da an san abin da aka sayar ba. Shi ya sa muka bi diddigin lamarin, kuma abin da muka gano shi ne kwalba da kanta take faɗin shekarunta, in dai mutum ya san inda zai duba.

A fara da gindi

Masu wannan sani ba daga baki suke farawa ba, kifa kwalbar suke yi. A zamanin da, da baki ake hura kwalba. Maƙerin zai ɗebo narkakken gilashi a kan wani dogon bututun ƙarfe ya hura shi ya kumbura, in ya zo gyara bakin kwalbar sai ya manna wata sandar ƙarfe a gindinta ya riƙe ta da ita, in ya gama ya ɓalle sandar. Wurin da aka ɓalle yakan bar tabo mai kaushi kamar cibiya, wani har yakan yanki yatsa. Tsakanin 1850 da 1870 masana'antun Turai suka bar wannan dabara suka koma riƙe kwalbar da wani abu mai kama da awartaki, wanda ba ya barin tabo. Saboda haka kwalbar barasa mai cibiya, galibi ta girmi 1870. Ta Inna ba ta da cibiya, gindinta sumul yake. Wannan kaɗai ya kawar da maganar ɗanta na cewa ta kai shekara 300.

Daga gindi sai a bi jiki da yatsa a nemi layin haɗi, wato ɗan siririn layin da mazubi ke bari a inda ɓangarorinsa suka haɗu, kamar ɗinkin riga. A 1821 wani mai suna Henry Ricketts a birnin Bristol na Ingila ya yi rajistar mazubi mai ɓangare uku, wanda ke barin layi ɗaya da ya zagaye kafaɗar kwalba, da wasu biyu da suka haura zuwa wuya. Amma babbar tambayar ita ce, ina layin ya tsaya? In ya ɓace a wuya bai kai baki ba, to da hannu aka gama bakin. In kuwa ya haura har saman leɓe ya tsallaka, aikin inji ne. Injin da ke yin kwalba shi kaɗai ba tare da mai hurawa ba, wani Ba'amurke ne mai suna Michael Owens ya fito da shi a 1903, zuwa shekarun 1920 kuma inji ya mamaye yawancin manyan masana'antu. Wannan layi shi ne alƙalin da ya fi raba gardama, kuma ko yaro zai iya duba shi.

Leɓen kwalbar Inna ɗaurawa aka yi daga baya, har ya ɗan karkace, ana ganin inda gilashin ya zubo a ƙarƙashinsa kamar kakin kyandir. A jikinta akwai ƙananan ƙurajen iska da suka maƙale a cikin gilashin, wani gefen kuma ya fi wani kauri. In ka ajiye ta a tebur tana ɗan rangaji. Duk waɗannan alamun aikin hannu ne, ko da yake ƙurajen iska su kaɗai ba hujja ba ne, domin masu yin jabu sun iya sa su.

Sai kuma siffarta. Kafaɗa faɗi, gindi tsuke, kusurwa huɗu. Wannan ita ce kwalbar barasar da ake kira jin ko shinaf, wadda aka riƙa yi a garuruwan Schiedam da Rotadam na ƙasar Holan, da kuma Hamburg ta Jamus, ana lodo zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. An yi ta da kusurwa ne don ta zauna daram a akwatin katako, galibi goma sha biyu a akwati, tsukewar gindin kuma na sa a zare ta daga mazubi cikin sauƙi. A kafaɗar ta Inna akwai wani dunƙulen gilashi kamar kwabo da aka buga wa hatimi tun yana da zafi, da hoton tsuntsu mai dogayen ƙafafu. Shamuwa ce, tambarin kamfanin J.H. Henkes na Holan, wanda sunansa ya shahara a Gwalkwas har ya zama abin da ake kai wa sarakunan kudu gaisuwa da shi. Wani hatimin da ake yawan gani shi ne mai haruffa AVH, na kamfanin A. van Hoboken na Rotadam.

Yaya aka yi ta zo Salaga?

A nan ne tarihin gari ke taimakon mai bincike. Kowa ya san Salaga ita ce kasuwar Gwanja da fataken Kano da Katsina da Barno ke yi wa tafiyar watanni da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goro. An kuma yi cinikin bayi a wannan kasuwa, abin da rijiyoyi da filin kasuwar ke tuna mana har yau. Tsawon lokacin da Tonawa, wato Asante, ke riƙe da ƙasar, su ne ke tsakanin Salaga da bakin teku, ba sa barin fataken arewa su wuce, ba sa barin na kudu su hauro. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta ɓalle daga hannun Tonawa, sai hanyar kogin Volta ta buɗe, 'yan kasuwar bakin teku suka fara isowa da gishirin Ada da kayan Turai. Wani Bafaranshe ɗan kasuwa mai suna Bonnat ya iso ta kogin a 1876, Bajamushe Krause ya zo a 1886, sai Binger na Faransa da von François na Jamus a 1888. Daga nan sai yaƙin basasar 1892, wanda ya watsa garin, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Cikin waɗanda suka ga wannan tashin hankali har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

To in aka haɗa shaidar gilashi da ta tarihi, kwalbar da ba ta da cibiya, ba ta kuma da layin inji, ta faɗa tsakanin wajen 1870 da lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda duk ya ce maka ya san ainihin shekarar da aka yi ta, cika baki yake yi. Wani zai ce ai ana iya tsuke lissafin, tunda yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana kai barasar Turai yankunan da ba su saba da ita ba, kuma a kan haka Ingilishi suka hana sayar da ita ga mutanen arewacin Gwalkwas da na Arewacin Nijeriya. Mu dai ba mu gamsu da wannan ba. Dokar barasa ta hana, ba ta hana kwalba ba. A zamanin da babu roba babu galan, kwalbar da babu komai a cikinta haja ce mai kuɗi, ana sayenta a kudu a hauro da ita. Wasu ma ba ajiye ta suke yi ba: masu aikin gilashi na Bida a ƙasar Nufe narka kwalabe suke yi su fitar da awarwaro da duwatsun wuya, mutanen Krobo a kudancin Ghana kuma su daka su su yi tsakiya.

Ta Yendi da ta Bawku

Bayan mun yi wannan bayani a shirinmu, wani magini da ya saurare mu ya gayyace mu Yendi mu ga wadda ya tono wajen haƙa harsashin gini. Wannan kam kwalbar giyar inabi ce sosai, doguwa siririya mai launin ruwan ƙasa, kafaɗarta a zube, irin ta yankin kogin Rhine na Jamus. Muka nemi layin haɗi sama da ƙasa babu. Maigidan ya ce to ai shi ke nan, ta girmi mazubi ma. Amma da muka karkata ta a hasken rana sai ga wasu siraran zobba sun zagaye jikinta. Wannan alama ce ta wata dabara da aka yi yayi daga wajen 1880 zuwa shekarun 1910, musamman a kwalaben giyar inabi: ana shafe cikin mazubi, a juya kwalbar a ciki tun tana da zafi, sai layin ya goge jikin ya yi sheƙi. Irin wannan kwalba ba ta ɗaukar rubutu a jikinta, domin juyawar za ta share shi.

Shekarun sun yi daidai da zaman Jamusawa. A watan Disamba na 1896 suka gwabza da Dagombawa a Adibo suka wuce suka ƙone Yendi, yarjejeniyar 1899 ta raba yankin, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa Togon Jamus, har zuwa 1914 da Ingilishi suka karɓe ta. Maƙabartar Jamusawa na nan a garin. Amma dacewar shekaru daban, hujja daban. Ba mu da abin da zai nuna wani hafsan Jamus ne ya sha abin da ke ciki, kuma abin da zai iya nuna hakan an riga an ɓata shi. Maginin ya gaya mana a ramin akwai fasassun tangaran da ƙusoshi da wani tulun dutse mai rubutu, lebura suka kwashe suka cike wani kwari da su. Irin wannan tulu, in na ruwan sha ne da Jamusawa ke kawowa daga ƙasarsu, yakan zo da hatimin maɓuɓɓugar da aka ɗebo shi. Da an bar su wuri ɗaya an kira masana, da ramin ya ba da labarin wanda ya zauna a wurin.

A Turai da Amurka ma masu neman tsofaffin kwalabe tsohon juji da tsohuwar salga suke bi, don nan ake jefa su. Akwai ma masu cewa ita kanta kalmar salga daga sunan Salaga Hausawa suka samo ta, maganar da mu 'yan garin ba mu cika son a tayar ba.

Ta Bawku ba ta ba mu wahala ba. Wani abokin aikinmu ne ya turo hotunanta ta WhatsApp, ya ce mai ita na rantsuwa ta shekara 200, don ga gindinta ya lotsa ciki sosai. Lotsawar gindi ba shaidar tsufa ba ce, har gobe ana yin kwalaben giyar inabi haka. Layin haɗinta ya haura har saman leɓe, gindin na da ɗigo-ɗigo a jere, ga kuma “75 cl” a rubuce tare da wata alama mai kama da lamba 3, wadda ƙasashen Turai suka fara amfani da ita bayan wata dokar awo ta 1975. Garin da ke maƙwabtaka da Burkina Faso da Togo, ga kasuwar Sankase a kusa, ba abin mamaki ba ne a samu kwalbar Faransa a cikinsa. Mai ita ya girme ta.

Maganar kuɗi

A nan ne za mu ɓata wa wasu rai. Tsufa kaɗai ba ya sa kwalba tsada. Irin ta Inna an shigo da miliyoyinsu Afirka ta Yamma, har a kudancin Nijeriya akwatin jin ya zama kuɗi, yana yawo hannu zuwa hannu ba a buɗe shi ba. Abin da ke da yawa kuwa ba ya tsada. Wadda ba ta da hatimi ba ta da rubutu, ko a Turai kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Abin da masu tarawa ke biya shi ne ƙarancin abu: hatimin kamfanin da ba a cika gani ba, ko hatimi mai ɗauke da shekara ko sunan mutum, ko cibiya, ko launin da ya fita daban, ko takardar asali da ta rage a jiki. Sannan lafiyarta. Tsaga ɗaya ko ɓantarewar leɓe na iya zubar da mafi yawan kuɗin. Ta Inna na da hatimi kuma ba ta da ko ƙwarzane, don haka ta fi ta gama-gari, kuma ba ma shakkar cewa mai tayin ya hango riba. Amma maganar miliyoyi babu ita.

Labarin miliyoyin ma yana da asali, kuma ya kamata a ji ƙarshensa. A watan Disamba na 1985, a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, an sayar da kwalbar giyar inabi guda ɗaya a kan fam 105,000. An zana mata shekarar 1787 da haruffan “Th.J.”, aka ce ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku. Ba gilashin aka saya ba, sunan aka saya. Bayan shekaru wani attajiri mai suna Bill Koch, wanda ya sayi wasu kwalaben daga tushe ɗaya, ya sa aka bincika, masu bincikensa suka ce da injin lantarki aka yi zanen, masu kula da gidan tarihin Jefferson kuma suka ce ba su ga shaidar cewa nasa ne ba. A 2006 maganar ta kai kotu. In masu kuɗin Amurka da ƙwararrunsu sun faɗa wannan rami, ina ga mai saye da sayarwa a bakin tasha?

Akwai kuma ɓarnar da masu kwalba ke yi wa kansu da hannunsu. Wadda ta daɗe a ƙasa takan yi wani farin hazo ko sheƙi mai launin bakan gizo. Wasu sai su sa toka da yashi da soson ƙarfe su dirje ta don ta yi kyau, alhali sun kankare fatar gilashin ne. Ruwan zafi kan fasa tsohuwar kwalba nan take. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu ya isa, in akwai takarda a jiki kuma kada ruwa ya taɓa ta. In an same ta a toshe da wani abu a ciki, kada a buɗe, kada a ɗanɗana, domin ba a san abin da aka zuba daga baya ba. Farar kwalbar da ta koma ruwan shuni-shuni kuwa ba lalacewa ta yi ba, wani sinadari ne mai suna manganis da aka riƙa sawa a gilashi daga wajen 1880 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, rana ce ke juya shi haka.

Sai doka. Dokar gidajen tarihi ta 1969 ta ce ba a haƙa ƙasa neman kayan tarihi, ba a kuma fitar da su daga Ghana, sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta ƙasa. Abin da ka gada a ɗakin kakarka daban yake da abin da ka je ka tono a kufai ko kusa da tsofaffin rijiyoyin Salaga. Mun ga abin da ya faru a ƙasar Koma, wajen Yikpabongo, inda Farfesa James Anquandah na Jami'ar Ghana ya yi haƙa a 1985: da labarin gumakan yumɓun wurin ya bazu, dillalai suka sa aka yi ta tono, da yawa suka ƙare a Turai ba a san ko daga wane rami suka fito ba. Wanda ya ci karo da wani abu yana iya tuntuɓar hukumar, ko gidan tarihi na Bolgatanga, ko sashen binciken kayan tarihi na jami'ar da ke Legon. Hoto huɗu suke buƙata: gindi, da leɓe, da hatimi, da kwalbar gaba ɗaya a tsaye kusa da ma'auni.

Mun mayar wa Inna da bayanin kamar yadda muka same shi, muka ce zaɓi nata ne. Kafin ta tafi muka sa jikan ya zauna ya rubuta abin da ta sani: sunan bafataken, garin da ya fito, matan gidan da kwalbar ta bi ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowacce ta riƙa zubawa a ciki. Ta lissafa mata huɗu, ita ce ta biyar. Aka naɗe takardar aka ɗaura a wuyan kwalbar da zare.

Ranar Juma'a mai sayen ya dawo kamar yadda ya yi alkawari, ya ƙara sidi 50 a kan tayinsa. Jikan ya gaya mana cewa Inna ko fitowa ba ta yi ba, daga ɗaki ta aiko a ce masa akwai zuma a ciki.